Taron Dangi a Shari'ar Yara Masu Laifi ta Niyu Zilan

Taron dangi hanya ce ta shari'a da ƙasar Niyu Zilan ke bi wajen ladabtar da yaron da ya yi laifi a cikin al'ummarsa, maimakon tsare shi a gidan kangararru. An kafa shi ne da dokar yara da matasa da iyalansu ta shekarar 1989. Tushensa shi ne koken ƙabilar Maori, 'yan asalin ƙasar, cewa hukuma na raba 'ya'yansu da danginsu. Kwamitin da John Rangihau ya jagoranta ya tattara wannan koke a rahotonsa mai suna Puao-te-Ata-tu a shekarun 1980.

Jami'in da gwamnati ta naɗa ne ke kiran taron. Masu halarta sun haɗa da yaron da danginsa, da wanda aka yi wa laifin idan ya yarda, da ɗan sanda, da lauyan yaron idan magana ta kai kotu. Idan yaron ya amsa laifinsa, wanda aka cuta yakan bayyana asarar da ya yi, sannan dangi su keɓe su tsara yadda za a gyara ɓarnar. Tsarin kan ƙunshi neman gafara, biyan diyya, aikin al'umma, komawa makaranta ko hana fitar dare. Idan aka kasa daidaitawa, magana takan koma gaban alƙalin kotun matasa. Tun daga Yulin 2019 dokar ta haɗa da mafi yawan 'yan shekara 17.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wannan hanya, kowace da irin nata gyaran. 'Yan sandan garin Wagga Wagga na Ostiraliya sun fara irinta a 1991, Ailan ta Arewa ta sa ta a dokarta ta 2002, Afirka ta Kudu kuma a dokar shari'ar yara ta 2008.

Muhimmancin taron shi ne ya ɗora nauyin gyaran yaro a kan danginsa, ya kuma ba wanda aka cuta damar magana. Ya dace da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda ta ce kada a tsare yaro sai in babu wata mafita. Duk da haka, yaran Maori ne suka fi yawa a wuraren tsare matasa na ƙasar, abin da ya sa aka fara zaman kotun matasa a dandalin gargajiya na Maori a garin Gisborne a 2008.