Wa Yat Tsaya Mata?

Kakana na wajen uwa muhuti ne a kotun alƙali zamanin En'e. Ban riske shi yana aiki ba. Lokacin da na yi wayo ya riga ya koma zaure, da buzunsa da butarsa da littattafai cikin gafaka waɗanda ba a yarda mu taɓa ba. Amma shari'a ba ta fita bakinsa ba har Allah Ya karɓi abinsa. In aka kawo masa labarin yarinyar da aka zalunta a gari, ba ya fara tambayar wanda ya yi, ko abin da aka yanke. Sai ya ɗaga kai ya ce da harshenmu na Zamfara, "Wa yat tsaya mata?" Muna yara mukan kwaikwaye shi mu yi ta dariya. Daga baya na shafe fiye da shekara 20 ina raka yara kotu a Gusau da kewayenta, a matsayin ma'aikaciyar walwala, kuma kusan duk ranar da aka kira shari'armu sai na ji muryar tsohon nan a kunnena.

Mutane da dama suna ɗauka cewa tsaya wa yaro a gaban alƙali baƙon abu ne da ƙungiyoyin Turawa suka shigo mana da shi. Ba haka ba ne. Tun kafin Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa Gusau, 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe ta yi suna da malamai, kuma littattafan da alƙalan ƙasar nan suka tashi da su su ne Risala da Mukhtasar na Halilu da Tuhfa. A babin hukunci na Mukhtasar an tsara wa sabon alƙali inda zai fara in ya kama aiki: waɗanda ke tsare tukuna, sannan wasiyyai da dukiyar yara ƙanana, kafin ya waiwayi masu jayayya da suka cika ƙofarsa. Wato maraya ba sai ya kawo ƙara ba, alƙali ne zai neme shi. In uba ya bar wasiyyi, shi ne mai magana da yawun yaron. In bai bari ba, alƙali ya naɗa muƙaddami. Reno kuma a mazhabarmu ta Malikiyya na uwa ne, sai kakar wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan uba. Namiji har ya balaga, mace har ta tare ɗakin mijinta.

Kakana yana da labarin da yake son maimaitawa, na wani baffa da aka bar wa shanun ɗan ƙanensa. Shekaru suka shuɗe, alƙali ya aika dogari ya zo da shi, aka buɗe takardar da aka rubuta ranar rabon gado. "Saniya bakwai anka ba ka," in ji alƙali, "yau biyar nika gani. Ko shanun maraya ba su haihuwa?" Duk sanda ya zo nan sai ya yi dariya har da tari. Yaron da ake magana a kansa yana can yana kiwo, bai ma san an zauna dominsa ba.

Ina girmama wannan tsari, amma na ga inda yake yoyo. Ya fi iya tsare saniya da gona da nasaba a kan tsare jikin yaron. Wanda aka bar wa dukiya yana da takarda, yana da mai tambaya a kansa. Agola fa? 'Yar riƙo da aka ɗauko daga ƙauye don wanke-wanke da talla? Almajirin da aka sauke a tasha da ɗan kwano? Waɗannan ba su da abin da za a ƙirga a gaban shaidu. Sannan dukan ginin ya dogara ne kan zaton cewa dangi ganuwa ne. Ranar da cutar ta fito daga cikin gida, mai cutarwa da mai tsayawa sai su zama mutum ɗaya, kuma yaron da ya buɗe baki ya zama ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun bar kotunan alƙalai, suka kuma hana lauyoyi shiga cikinsu, hanin da ya daɗe har bayan mulkin kai. Dokar yara da matasa da aka yi wa Ikko a 1943 ba ta iso Jihar Arewa ba sai 1958. Ita ce ta kawo kotun yara, da zama ba tare da 'yan kallo ba, da gidan ajiye kangararru, kuma daga cikinta irin aikina ya tsiro. Tana da sashe kan yaron da ke bukatar kulawa da kariya, amma a aikace idonta na kan yaron da ya yi sata ne, wanda in ya gagara a tura shi Kakuri a Kaduna. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e suka zama kotunan yanki, a 1976 aka kafa hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, tsarin mulkin 1979 kuma ya buɗe wa lauya ƙofar da aka rufe masa. A takarda an yi nisa. A ƙauye kuwa, lauya abin masu kuɗi ne, kuma mutane na kallonsa a matsayin wanda ake biya ya mai da baƙi fari.

Haka muke har aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ranar da garin ya cika ya batse har masauki ya gagara, dokar hukunta laifuka kuma ta fara aiki a Janairun 2000. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ce ga littattafan kakana sun dawo kan kujera.

A Satumbar 2000 kotun shari'a ta Tsafe ta yanke hukunci kan wata yarinya 'yar Magazu, ƙauyen da ke kan hanyar Funtuwa. Sunanta ya zaga duniya, jaridu sun buga shi har sun gaji, ni ba zan ƙara ba; yanzu uwa ce, ta cancanci a ƙyale ta. An gan ta da ciki ba aure. Ta ce tilasta mata aka yi, ta ambaci maza 3. Suka musanta, ba ta da shaidun da za su tabbatar, aka sallame su. Ita aka yanke wa bulala 100 na zina, da 80 na ƙazafi saboda sunayen da ta ambata. Wasu jaridu suka ce shekarunta 17, wasu suka ce 13 ko 14. Ba ta da lauya.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. A Malikiyya, ciki ga wadda ba ta da miji hujja ce ta zina, saɓanin sauran mazhabobi da ba su tsayar da haddi kan ciki kaɗai. Cikin nan kuma shi ne alamar balaga, don haka zancen ƙarancin shekaru ba ya kuɓutar da ita kai tsaye. Amma littattafan nan dai su suka ce wadda aka tilasta babu haddi a kanta, su suka ce shubuha tana tunkuɗe haddi. Akwai tambayoyin da za a yi: yaushe abin ya faru, wa ta fara gaya wa, wa ke da iko a kanta a gidan, ta fahimci abin da ake nufi da ƙazafi kafin ta buɗe baki? Yarinyar ƙauye da ba ta taɓa tsayuwa gaban manya ba, ta durƙusa a ɗaki cike da maza, ba za ta iya zaƙulo waɗannan da kanta ba. Dole wani ya zaƙulo mata.

Waɗanda suka yunƙura daga nesa suka zo. Ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, ƙarƙashin Ayesha Imam, ta ɗauki lauyoyi don ɗaukaka ƙara, lokacin da wa'adin kwana 30 ya riga ya wuce. Yarinyar ta haihu a Disamba. Gwamnatin Kanada ta yi magana, wasiƙu suka yi ta kwarara daga ƙetare. Aka janye bulala 80 na ƙazafi, aka sa ranar 27 ga Janairu 2001 don sauran. Sai ranar Juma'a 19 ga wata, kwana 8 kafin ranar da aka sanar, aka yi mata bulala 100 a Tsafe, lauyoyin na tsakiyar haɗa takardu. A 2003, lokacin shari'ar Amina Lawal, wadda ita ma aka tuhuma da zina, BAOBAB da kanta ta roƙi mutanen waje su daina yayyafin wasiƙun nan, ta kafa hujja da abin da ya faru a Tsafe: hayaniyar nesa ta sa masu iko sun gaggauta don kada a ce sun ji tsoro.

Ni a rediyo na ji, ina tankaɗe a tsakar gida a Gusau. Tsakanina da Tsafe bai kai tafiyar awa guda ba. Wata huɗu ana wannan magana, ban shiga mota na je na ga yarinyar ba. Na ce wa kaina maganar ta fi ƙarfina, ta zama ta gwamna da ƙasashen waje, kuma duk wanda ya matsa kusa za a ce yana faɗa da addini. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Tsoron bakin mutane ma yana ciki.

Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda aka yi wa irin wannan tuhuma ta zina, ta kuɓuta a kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato a Maris 2002, Amina Lawal a ta Katsina a Satumba 2003. Lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim ba dokar Ingila suka buɗe wa alƙalai ba, littattafan Malikiyya suka buɗe, har da mas'alar kwantaccen ciki da kowace ungozoma ta sani. Manyan mata ne su biyun, kuma an tsaya musu a kan lokaci.

A 2003 Shugaba Obasanjo ya sa hannu kan dokar haƙƙin yara, wadda ta tanadi kotun iyali, ta kuma ba kotu ikon naɗa wa yaro wakili na kansa, wanda ba na uba ba ne, ba na uwa ba, ba na gwamnati ba. Da na karanta wannan sashe sai na ce, ashe muƙaddamin kakana ne ya dawo da kwat. Jihohin Arewa suka daɗe suna jan ƙafa, galibi saboda batun shekarun aure. Zamfara ba ta yi tata dokar kare yara ba sai 2022, zamanin Gwamna Bello Matawalle, shekara 19 ke nan. A tsakanin nan gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a 2021, kuma titunan Gusau sun cika da yaran da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. Kaɗan ne cikin waɗannan maganarsu za ta taɓa zuwa gaban alƙali.

Ko a Amurka, inda lauya ya fi ƙasa yawa, sai a 1977 wani alƙali a Seattle, David Soukup, ya gaji da yanke hukunci kan yaran da bai san komai game da su ba, ya nemi mutanen gari su sa kai, kowa ya ɗauki yaro ɗaya, ya je gidansu da makarantarsu, ya dawo ya gaya wa kotu abin da ya gani. Bai nemi masu digirin shari'a ba. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona: yawancin aikin ba a cikin kotu ake yin sa ba. Kai yarinya asibiti kafin a yi mata wanka a wanke shaida. Neman kuɗin mota ranar zama na biyar, bayan an ɗage sau huɗu. Zama da uwa a ɗaki lokacin da dattawan unguwa suka cika zaure suna cewa a yi sulhu, a rufa asiri, "wa zai aure ta in maganar tat tashi?" Shari'o'in da na ga sun mutu a zaure sun fi waɗanda suka mutu a kotu yawa.

Akwai wata 'yar riƙo daga wani ƙauye a ƙasar Bunguɗu, ba ta wuce shekara 9 ba, wadda matar kawunta ta tsoma wa hannu cikin tafasasshen ruwa saboda kuɗin talla bai cika ba. Maƙwabciya ce ta kawo ta. Ranar zama kawun ya zo da babbar riga ya ce shi ne waliyyinta, kuma ya yafe a madadinta. Na miƙe ƙafafuna na rawa na ce, "Allah Ya gafarta Malam, wanda ya yafe ɗin shi ne mijin wadda ake ƙara." Alƙali ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa aka fitar da kowa, ya sauko daga kujerarsa ya zauna a benci kusa da yarinyar, ya ce, "Ɗiyata, ina kika son ki kwana yau?"

Ba ta ɗaga kai ba. Hannun na naɗe da bandeji a cinyarta, ɗayan kuma ya damƙe gefen mayafina tun safe. Ta ce wajen kakarta. Ya tambayi sunan ƙauyen, ya sa magatakarda ya rubuta, aka ɗage zama zuwa bayan mako biyu. Motar ƙarshe mai zuwa can tana tashi kafin la'asar, sai da muka haɗa da gudu.