Kasuwannin Garwa da Figil: Tarihin Ci da Cefane a Bakin Binuwai

Littattafan tarihin arewacin Kamaru sun fi ba da ƙarfi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyin Turawa. Abin da mutane suka ci, da inda suka saye shi, da irin kuɗin da suka biya, ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. Alhali kuwa kasuwar abinci tana adana tarihi fiye da yadda ake zato. Kowane buhu da kowane kwando da ke zube a babbar kasuwar Garwa, ko a kasuwannin mako da ke kan hanyar Pitowa zuwa Figil, ya iso wurin ne ta wata hanya da aka buɗe a wani zamani sananne. Hanyoyi uku ne suka gina waɗannan kasuwanni ɗaya bayan ɗaya: hanyar ayari, da hanyar kogi, da kwalta.

Garwa tana bakin kogin Binuwai, a ƙasar da Fali da Bata suka riga kowa zama. Fulani sun kafa sarautarsu a can a kashin farko na ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Daular da ya kafa ana kiranta Fombina, wato kudu da Fulatanci, kuma ya mayar da Yola hedikwatarta a 1841. Wannan sauyi ya haɗa kwarin Binuwai da Kano da Katsina a ƙarƙashin tsari guda, fatake suka samu aminci a hanya suka yi ta kwarara. Hausawa sun zo da tufafin rini da kayan fata da dutsen ado, Barebari sun zo da kanwa da gishiri, suka koma da hauren giwa da bayi. Ba a iya raba bunƙasar kasuwannin Adamawa na wancan ƙarni da cinikin bayi, domin yawancin abincin da ke ciyar da garuruwa bayi ne ke noma shi a ƙauyukan da Fulani ke kira rumde, wato abin da Hausawa ke kira rinji. Har yau akwai unguwa a Garwa mai suna Rumde Ajiya, sunan da ke tuna wa mai lura wannan asali.

Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ƙetare Binuwai ranar 18 ga Yuni 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya tarar ba wuri ne kuɗin da aka fi amfani da shi a Adamawa ba, kamar yadda yake a Kano. Da ƙyallayen saƙi marasa faɗi ake ciniki, waɗanda Fulani ke kira leppi. Ma'anar wannan ita ce mai son sayen dawa ko nono sai ya auna da tsawon sawaye, masaƙi kuma ya zama tamkar mai buga kuɗi. Wuri ya bazu daga baya tare da fataken Hausawa. Bayansa aka yi kuɗin Jamus, sannan na Faransa, har aka ƙirƙiro sefa a 1945.

Baƙin da suka zo fatauci ba duka suka koma ba. Waɗanda suka zauna sun kafa unguwanninsu, shi ya sa a Garwa ake samun Fulɓere da Hausare da Kolere, wato unguwar Fulani da ta Hausawa da ta Barebari. Sana'o'i ma sun rabu bisa wannan tsari. Fulani suka riƙe mulki da shanu, Hausawa suka yi fice a fawa da dillanci da sayar da goro. Shaidar haka tana cikin sarautun fadar lamiɓe da dama na yankin, inda ake jin Sarkin Pawa da Sarkin Shanu da bakin Hausa ko da yake harshen fada Fulatanci ne. Ga ɗalibin Hausa wannan abin lura ne: harshe yakan shiga wata ƙasa ta ƙofar sana'a, ya zauna a cikin kalmomin sana'ar ko da bai zama harshen kowa da kowa ba. A arewacin Kamaru Fulatanci ne harshen da Gidar da Fali da Mundang da Tupuri ke haɗuwa a kai idan sun zo kasuwa, wadda suke kira luumo. Amma a rumfar mahauta Hausa ba ta taɓa zama baƙuwa ba.

Nama shi ne babban abin da Hausawa suka bar wa cimar Kamaru. Kilishi yana riƙe da sunansa har Yawunde da Duwala. Yadda ake yin sa bai sauya ba: a fere jan nama fale-fale, a shanya a rana, a tsoma shi cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Dabara ce ta matafiya, domin naman da aka yi wa haka yana daɗewa bai lalace ba, kuma ba shi da nauyi a kaya. Tsire kuwa a duk faɗin ƙasar ana kiransa soya, kalmar da ta samo asali daga suya ta Hausa. Unguwar Briketeri ta Yawunde, inda 'yan arewa suka yi yawa, ta shahara da shi, kuma shanun da ake yankawa a kudu yawanci daga arewa ake kai su, daga kasuwannin dabbobi irin ta Adumri da ke gabashin Garwa.

Zamani na biyu ya zo da jiragen ruwa. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingilishi, Garwa kuma a ɓangaren Jamusawa, aka tsaga daula ɗaya gida biyu. Ingilishi sun ci Yola a Satumba 1901, Lamiɗo Zubairu ya yi gabas, Jamusawa suka karya rundunarsa a Garwa a Nuwamba na shekarar, suka sake karya ta a Marwa a Janairu 1902. Mulkin Jamus bai yi tsawo ba, domin a Yuni 1915 sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Garwa, garin ya koma hannun Faransa. A duk waɗannan shekaru darajar Garwa ga Turawa ɗaya ce: nan ne ƙarshen inda manyan jiragen ruwa ke iya kaiwa idan sun taso daga bakin teku ta kogin Kwara suka shigo Binuwai. Sai dai kogin ba ya ɗaukar su sai a 'yan makonnin da ya cika a ƙarshen damina. Cikin wannan ɗan lokaci ake sauke gishiri da sukari da kananzir da yadi da siminti na shekara guda, a loda gyaɗa da auduga da fatu. Kasuwar Garwa ta koyi rayuwa bisa wannan kalanda, 'yan kasuwa na tara haja su jira ruwa, farashi na sauka idan jirgi ya iso, ya riƙa hawa sannu a hankali har wata damina.

Wannan zamani ya sauya abin da ke cikin tukunya. Gishirin Turawa ya rage wa na gargajiya kasuwa. Shayi da sukari suka shiga karin kumallo, burodin Faransa mai tsawo ya samu gurbi a teburin mai shayi kusa da ƙosai da kunu. Tun kafin haka ma cimar yankin ta riga ta karɓi baƙin amfanin gona, domin masara da gyaɗa da rogo da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, suka iso Afirka bayan ƙarni na 15. Abin da bai gusa ba shi ne tuwon dawa, wanda Fulani ke kira nyiiri, da miyoyin ganye da ke raka shi. Mai cefanen da ya san Hausa zai gane kayan miyar ko da sunayensu sun bambanta: yakuwa ita ce follere, kuka ita ce ɓokko, kuɓewa baskooje, tafasa kuma tasɓa. Madara da nono su ne kosam, kuma har yau mata Fulani ne ke shigo da su gari a ƙwarya da safe.

Zamani na uku na kwalta ne. Kamaru ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960 a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, kuma garin ya samu gine-gine da tituna da filin jirgin sama a mulkinsa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar kogi, layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, daga nan manyan motoci suka karɓe aikin jiragen ruwa. Babbar hanyar da ta taso daga Ngaundare ta ratsa Garwa ta nufi Marwa ita ce ta ɗaga Figil. Garin yana ƙasar Gidar, a sashen Mayo Luti, kusa da mahaɗar da ke kaiwa Lere ta ƙasar Cadi. Ƙasarsa tana da dutsen farar ƙasa da marmara, abin da ya sa kamfanin CIMENCAM ya kafa masana'antar siminti a can a farkon shekarun 1970. Ma'aikata masu albashi da direbobin da ke jiran lodi mutane ne da ba sa noma abin da suke ci. Su ne suka buɗe kasuwa ga masu tuwo da masu tsire da masu shayi a bakin hanya, suka ba manoman ƙauyukan kewaye wurin da za su sayar da gyaɗa da wake da albasa ba tare da sun kai Garwa ba.

Abubuwa biyu suka ƙara sauya kayan da ake kasawa. Na farko auduga ce. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, ya yaɗa takin zamani da garmar shanu, manoma suka yi amfani da su har a gonakin abinci, masara ta samu gindin zama a ƙasar da dawa ke mulki. Man angurya kuma ya shiga kicin ya yi gogayya da man gyaɗa. Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982. Tafkin da ya taru a bayanta ya jawo masunta daga yankin tafkin Cadi da kogin Logon da Nijeriya, kifi ɗanye da banda suka yawaita a Garwa, giwan ruwa gasasshe ya zama abin da ake yi wa baƙo tayi. Amma madatsar ta rage ambaliyar da ke jiƙa fadamun ƙasa da ita, inda ake dasa masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwaari. Abin da masunci ya samu, manomin fadama ya biya wani ɓangare na kuɗinsa.

Babbar kasuwar Garwa tana ci kullum, amma kasuwannin mako ne ke ciyar da ita. Ta Pitowa, mai tazarar 'yan kilomita arewa maso gabas da gari, tana ci ranar Lahadi, kamar yadda babbar ranar kasuwar Marwa take Litinin. A irin waɗannan kasuwanni manomi da kansa yake zuwa da abin da ya noma, matarsa ta zo da kaji ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa. Ƙa'idar ciniki sananniya ce ga duk wanda ya taso a ƙasar Hausa: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka idan tayin bai kai ba, a yi ta ja har a sallama, a ƙarshe a nemi gyara. A cinikin dabba da na buhu dillali na tsakiya, la'adarsa kuma sananniya ce. Awo da kwano ake yi, shi ya sa iya cika kwano da iya kallon yadda aka cika shi suka zama ilimin da uwa ke koya wa 'yarta.

A nan ne matsalar da ta fi daɗewa take. Da kaka manomi na buƙatar kuɗin makaranta da na magani da na biyan bashin taki, sai ya sayar da hatsi lokacin da kowa ke sayarwa, farashi yana ƙasa. Masu jari su saya su ajiye. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, wajen Yuli da Agusta, manomin nan yakan dawo kasuwar ya sayi irin hatsin da ya sayar da tsada. Hausawa na cewa kasuwa a kai miki dole, kuma ba inda maganar ta fi dacewa kamar nan. Iyakar ƙasa tana ƙara wa lamarin nauyi. Lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a Janairu 1994, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, amma shanu da hatsin gida suka yi araha ga mai saye daga waje. Rikicin Boko Haram ya durƙusar da cinikin Banki da Amcide da Fotokol daga 2014, rufe iyakokin Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya sake girgiza fatauci. Duk lokacin da naira ta tashi ko ta faɗi, mai sayen mudun masara a Figil yana jin abin a aljihunsa, ko da bai taɓa taka Mubi ko Yola ba.

Layin da aka ja a 1893 ya raba gwamnatoci, ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbatar da Mubi a Nijeriya, amma har yanzu albasa da shanu da busasshen kifi suna bin hanyoyin da fatake suka bi da jakuna. Wanda ke son nazarin Hausar Kamaru zai same ta da rai a waɗannan wurare, a bakin mahauta da dillalai da masu goro, tana cuɗanya da Fulatanci da Faransanci a jimla guda. Yawancin wannan ilimi yana kan tsofaffin 'yan kasuwa da mata masu abinci, waɗanda suka ga zamanin jirgin ruwa da idonsu, kuma adadinsu yana raguwa kowace shekara. Tattara kalmominsu na awo da ciniki da girki aiki ne da ɗalibin harshe zai iya farawa da littafin rubutu da alƙalami, a ranar kasuwa mafi kusa da shi.