2.3 Tarihin Amfani da Ƙiftawar Ido Wajen Gano Mafarin Farfaɗiya

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ƙiftawar ido ta samu shiga cikin jerin alamomin da likitoci ke bi domin gano wurin da farfaɗiya ke tasowa a cikin ƙwaƙwalwa. Muhimmancin wannan batu a fili yake, domin akwai masu farfaɗiyar da magani ba ya yi musu aiki, sai an yi tiyata an cire ɓangaren da ciwon ke farawa. Idan kuwa aka kuskure wurin, to an yi wa marar lafiya illar da ba ta gyaruwa, ciwon kuma yana nan.

Tushen wannan tunani ya faro ne daga John Hughlings Jackson, wani likita da ya yi aiki a asibitin Queen Square da ke Landan. A cikin wani nazari da ya fitar a shekarar 1870, ya nuna cewa fizgar da ke farawa daga babban yatsa, ta hau hannu, ta kai fuska, tana bin tsarin yadda ƙwaƙwalwa ta raba aikin gaɓoɓi ne. Wato ke nan, alamar da ta fara bayyana ita ce ke nuna mafarin ciwon. A wannan shekarar ce kuma Fritsch da Hitzig a ƙasar Jamus suka taɓa ƙwaƙwalwar kare da wutar lantarki, suka ga gaɓoɓin ɗaya ɓarin jikin suna motsi. Daga nan ƙa'ida ta zauna: ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hagun jiki, na hagu kuma ya sarrafa dama. Da wannan ilimi ne Victor Horsley ya yi wa wani saurayi mai shekara 22 tiyata a 1886, ya cire masa tabon da ke ƙwaƙwalwarsa.

Sai dai a duk tsawon wannan lokaci ido bai samu wani matsayi na a zo a gani ba. Dalili kuwa shi ne, ƙiftawa aba ce mai saurin wucewa, kuma sau da yawa likita ba ya wurin lokacin da ciwon ya tashi, labari kawai yake ji daga 'yan uwan marar lafiya, waɗanda hankalinsu a tashe yake. Na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa da Hans Berger ya bayyana a 1929 ta taimaka ƙwarai, haka ma ayyukan Penfield da Jasper a birnin Montreal na Kanada. Sannu a hankali aka lura cewa ƙifta idanu biyu da sauri a farkon tashin ciwo kan zo tare da farfaɗiyar da ke tasowa daga wajen ƙeya, inda cibiyar gani take. Amma wannan alama ba ta bambance dama da hagu.

Canji na sosai ya zo ne bayan an fara ɗaukar marasa lafiya a bidiyo tare da auna wutar ƙwaƙwalwarsu a lokaci guda, ta yadda za a iya maimaita kallon abin da ya faru cikin daƙiƙa ɗaya. A 1980 Juhn Wada, ɗan asalin Japan da ke aiki a Kanada, ya ba da rahoton masu farfaɗiyar da ke ƙifta ido ɗaya tak yayin tashin ciwo. Abin lura a nan shi ne, idon da ke ƙiftawa yana ɓari ɗaya ne da mafarin ciwon, saɓanin ƙa'idar da aka gada tun zamanin Jackson. Daga baya, a 1996, Benbadis da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka suka sake duba al'amarin. Sun tarar cewa masu nuna alamar ba su kai 2 cikin 100 ba, amma a cikinsu kimanin 8 daga cikin 10 idon ya yi daidai da ɓarin da ciwon ya taso.

Wajibi ne a bambance wannan ƙiftawa da fizgar fuska. Idan kunci da gefen baki suna fizga tare da ido, to tsohuwar ƙa'ida ce ke aiki, mafarin yana ɗaya ɓarin. Idan kuwa fatar ido ce kaɗai ke rufewa tana buɗewa kamar mai kashe ido, sai a fi zargin ɓarin da idon yake. Wanda ya cakuɗa su biyun zai iya nuna wa mai tiyata hagu alhali ciwon yana dama. Wannan ne ya sa a cibiyoyin tiyatar farfaɗiya ba a yanke hukunci da ƙiftawa ita kaɗai, sai an gwada ta da sakamakon na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa da kuma hoton ƙwaƙwalwa na MRI.