Faɗuwar gaba

faɗuwar gaba (suna, mace). Jin zuciya tana dukan ƙirji da sauri, ko tana tsallake bugu, kamar a "gabana ya faɗi". An saba ɗora ta a kan tsoro ko mugun labari, amma wannan ma'anar ta yi mata kaɗan. Zuciyar baligi a hutu tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Zazzaɓi, ƙarancin jini, yawan goro da shayi, ko maƙoƙo mai yawan aiki duk suna iya tura ta sama da haka, alhali mutum yana zaune a tabarma ba abin da ya razana shi. Wani zai ce ai yawanci faɗuwar gaba takan wuce da kanta, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai bugun da ke zuwa a hargitse, ba tsari, wanda kan sa jini ya daskare a zuciya har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Don a duba bugun, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga shi na minti ɗaya. In faɗuwar gaba ta zo da jiri, suma, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, a garzaya asibiti a yi gwajin bugun zuciya na ECG.