Otel Ɗin Bagauda da Manomin Bunkure: Darasi Daga Adabin Karebiyan

Tsibiran Karebiyan, watau su Jamaika da Barbados da Antigwa, sun yi suna a Turai da Amurka a kan wuraren shaƙatawa. Baƙo yakan sauka a otel, ya sha iskar teku, ya koma gida bai san halin waɗanda suka yi masa hidima ba. Galibin mutanen nan kuwa jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka domin noman rake, waɗanda Ingila ba ta soke bautarsu ba sai a 1834. Marubutan tsibiran su ne suka ɗaga labulen. A 1953 George Lamming ya fitar da In the Castle of My Skin, labarin wani ƙauye a Barbados inda talakawa ke zaune a kan ƙasar da ba tasu ba. A 1964 Orlando Patterson ya rubuta The Children of Sisyphus a kan masu kwana a jujin birnin Kingston. Jamaica Kincaid kuma, cikin A Small Place na 1988, ta nuna cewa rashin ruwan sama da ke faranta wa baƙo rai a Antigwa, shi ne farin da ke damun ɗan ƙasa.

Ƙasar Kano ba ta da teku, amma ta taɓa gina irin wannan dausayi na baƙi. A zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, aka yi madatsar Bagauda, sa'an nan aka yi ta Tiga wadda aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Aka gina otel a bakin tafkin Bagauda, aka gina wani a kan dutse a Tiga, manyan ma'aikata da Turawa suka riƙa zuwa hutun ƙarshen mako. Daga Tiga aka ja babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, da niyyar shayar da kadada 22,000 a kashin farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Mai wucewa a mota cikin hunturu yakan ga koren alkama iyakar ganinsa. Abin da ba ya gani shi ne abin da masu bincike irin su Tina Wallace da Cecile Jackson suka tarar. Ruwan Tiga ya ci garuruwa da gonaki, dubban mutane suka tashi. A filin aikin an sare ɗorawa da kuka domin a baje ƙasa, alhali da su mata ke yin daddawa da miya. Alkama tana son a shuka ta cikin Nuwamba, dawa kuwa ba ta gama nuna ba a lokacin, saboda haka aka matsa wa manomi ya bar abincin gidansa. Noman rani kuma yana cin kuɗin tarakta da taki da ƙwadago. Wanda ba shi da jari sai ya ba da gonarsa haya ko jingina ga attajiri ko ma'aikaci daga birni, ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Ruwan da ke kwance ya yawaita sauro da tsargiya. Can ƙasa kuwa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da masu shinkafa suka dogara da ita ta ragu. Andrae da Beckman sun yi bayanin siyasar alkamar cikin The Wheat Trap a 1985, shekara 2 kafin gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987.

Duk da haka aikin ya yi amfani. Kura ta zama cibiyar shinkafa, tumatirin Kwanar Gafan yana kaiwa har Ikko, samari da yawa kuma sun sami abin yi a gida maimakon tafiya cin rani. Sai dai ribar da asarar ba kan mutum ɗaya suka faɗa ba. Ko a 2016, da tsutsa ta cinye tumatir, masana'antar Ɗangote ta Kadawa ta tsaya, manomi shi ya kwana da bashi. Otel ɗin Bagauda kuwa ya daina karɓar baƙi, ya zama Makarantar Horar da Lauyoyi.

A 1982 littattafai irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa sun nuna cewa ƙagaggen labarin Hausa zai iya tona asirin zamaninsa. Abin da Lamming ya yi wa ƙauyensa, ɗalibin da ya tashi a Bunkure zai iya yi wa nasa. Ma'aikacin da ke rubuta rahoton kadada nawa aka shayar, ya kamata ya rubuta har da magidanta nawa ne suka bar gonakinsu, da inda suka nufa.