Dorugu da Abbega a Birnin Landan

Duk lokacin da aka taso da zancen rubutun zube na Hausa a aji, akan fara ne daga gasar 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Ban ƙi ba. Amma ina ganin akwai wani yaro da muke tsallakewa, wanda ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, aka rubuta da boko, shekara saba'in da ɗoriya kafin wannan gasa. Sunansa Dorugu.

Dorugu mutumin Dambanas ne, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin Tafkin Chadi cikin 1852, sai abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran nan biyu. Da shi suka je Tumbuktu suka komo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, har suka sauka Landan a watan Satumba na 1855.

To, a nan ne labarin ya fi daɗi. Mun saba Bature ya zo ƙasarmu ya leƙa akushinmu, ya koma gida ya rubuta yadda muke cin tuwo da hannu. Wannan karon reshe ne ya juye da mujiya. Ga yaro ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida, wanda ya tashi da gero da fura, shi da abokinsa suna yawo cikin birnin da ya fi kowane birni yawan jama'a a duniya a zamanin, suna kallon masu kallonsu.

Cikin abin da Dorugu ya gani, ya tsaya ya zayyana walimar dare irin ta Ingilishi daki-daki. Al'adar gidajen masu hali a Ingila a lokacin kuwa ita ce, namiji ya riƙo hannun mace su shiga ɗakin cin abinci, a zauna kan tebur mai farin ƙyalle, kowa da wuƙarsa da cokali mai yatsu. Ba a kawo abinci gaba ɗaya, sai kashi-kashi, romo, kifi, nama, sannan kayan zaƙi. In an gama mata su tashi su bar maza. Ku duba fa, mutumin da a garinsu maza daban suke ci, mata daban, kuma ba a surutu a kan akushi! Abin da ya burge ni shi ne, bai ruɗe ba, bai kuma yi ba'a ba. Faɗi kawai yake yi, kamar mai koya wa ƙanensa yadda zai zauna in an gayyace shi.

Wanda ya rubuta maganar tasa wani ɗan mishan ne, J. F. Schön, da yaran suka zauna a gidansa daga 1856. Daga bakin Dorugu ya sami kaso mai yawa na Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, kuma labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Sunan Schön ne a bangon littafin.

Abbega ya riga komowa, a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu sai 1864 ya dawo. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Da aka buɗe kayansa, an tarar da tarin tabarau, da gwangwanayen biskit waɗanda bai taɓa fasawa ba.