Jadawalin Manyan Taurari: Fa'idarsa da Sharuɗɗansa

Tun da yake babu mahalukin da zai kai ma'auni jikin tauraro, duk abin da masana ilmin falaki suka sani game da zafinsa da sinadaransa, daga haskensa suka ciro shi, bayan sun warwatsa hasken da na'ura ya koma kamar bakan gizo, baƙaƙen layuka suka bayyana a cikinsa. Amma layi ba ya faɗin zafi da bakinsa, sai an gwama shi da wata siffa ta lissafi wadda ke kwatanta halin iskar da ta lulluɓe tauraron.

Mas'alar manyan taurari, waɗanda nauyinsu ya haura na rana sau 8, ita ta fi tsanani, domin ƙarfin haskensu yana rinjayar ƙwayoyin zarra har hukuncin da ake yi wa rana ya kasa aiki a kansu, kamar yadda Auer da Mihalas suka bayyana a 1972. Saboda lissafin siffa guda yakan cinye wa kwamfuta sa'o'i masu yawa, sai Lanz da Hubeny suka ɗauke wa jama'a wannan wahala a 2003, suka fitar da jadawalin siffofi 690 da manhajar TLUSTY, daga zafin digiri 27,500 zuwa 55,000 a ma'aunin Kelvin. Yau ɗalibi yakan auna layin heliyam na 4471 da na 4542, ya duba wanda ya fi zurfi, ya nemi siffar da ta dace, kafin la'asar ya sami jawabi. Wannan alheri ne babba, irin wanda masanin falaki Albattani ya yi wa na bayansa da jadawalinsa na tafiyar taurari.

To, sai dai taƙalidi ba tare da sanin sharuɗɗa ba hatsari ne. An gina wannan jadawali bisa ƙaddarawar cewa iskar tauraro shimfiɗaɗɗiya ce, tana zaune ba ta motsi, alhali kuwa tauraro irin Zeta Puppis yana fesar da jikinsa cikin guguwa mai gudun fiye da kilomita 2,000 a daƙiƙa, guguwar da ke cike jan layin haidirojin har ya koma mai haske. Wanda ya tilasta wa irin wannan tauraro shiga jadawalin zai sami adadi kyakkyawa a ido, ɓatacce a haƙiƙa. Maganinsa manhaja mai lissafa guguwa ce, kamar CMFGEN ta Hillier ko PoWR ta Jamus. Ga kuma binciken Sana da abokansa na 2012, wanda ya nuna akasarin waɗannan taurari suna da abokin zama na kusa, ta yadda hasken biyu kan gauraya a zaci na ɗaya ne.

Kowane jadawali ma ba wahayi ba ne: a 2005 Martins da Schaerer da Hillier sun rage zafin da tsohon lissafi ya ba waɗannan taurari da dubban digiri, bayan an shigar da layukan ƙarfe cikin lissafi. Don haka wajibi ne duk mai bayyana zafin tauraro ya ambaci jadawalin da ya dogara a kansa da sharuɗɗan da aka gina shi a kai, in ba haka ba kada a karɓi adadinsa.